Idan Shiyya Ɗaya Ta Ƙi Kwanciya a Ƙararrawar Tsaro

A 'yan shekarun nan gidajen masu bi da dama, da gidajen fastoci, har da majami'u kansu, sun shiga sa ƙararrawar tsaro mai aiki da lantarki. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kayan da ke kwana a ɗakin ajiyar majami'a yanzu sun wuce ganga da kacau-kacau na zamanin iyayenmu. Akwai amfilifaya da lasifika, akwai janareta da batiran sola, wani lokaci ma har da baikon Lahadi wanda ba zai ga banki ba sai ran Litinin. Dukansu gumin jama'a ne, a ciki har da ɗan abin da gwauruwa ta ƙulle a bakin zane ta kawo gaban Ubangiji. Tsaron irin wannan kaya amana ce. Nehemiya ma, da yake gina garun Urushalima, addu'arsa ba ta hana shi sa masu gadi ba.

To, amma ga abin da muke ta gani a wurare da yawa. Ƙararrawa takan yi shekara ɗaya ko biyu tana aiki lafiya lau. Ran nan da dare maigida ko mai riƙe da makullin majami'a ya zo zai kunna ta, sai ta ƙi. Koriyar fitilar nan da ke nuna cewa kome a rufe yake ba ta kama ba, allon lambobi kuma yana nuna lamba ɗaya, a ce 3. An duba ƙofofi duk a rufe. An buga wa wanda ya haɗa ta waya, ya ce yana wani gari, sai mako mai zuwa. Kafin ya ajiye wayar sai ya koya wa mutum yadda zai tsallake lamba 3 ɗin ya kunna sauran. Daga wannan dare tsallakewa ta zama al'ada, mako mai zuwa ya zama wata shida, ƙofar da ke kan lamba 3 kuwa ba mai gadinta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ga shi mu da kanmu muke tsaga bangon kowane dare da yatsanmu.

Abin da muke so 'yan'uwa su sani shi ne, galibin lokaci cutar ba a cikin babban akwatin na'urar take ba. Tana bakin ƙofa, ko cikin silin inda waya ta bi, ko a batir. Mutum mai haƙuri da natsuwa yana iya gano inda take da yamma ɗaya. Ko da bai iya gyarawa da hannunsa ba, zai san abin da zai gaya wa mai gyara, ba kuwa za a sayar masa da sabon akwati alhali tsohon lafiyarsa ƙalau.

Mece ce shiyya?

Masu wannan sana'a sukan ce zon, mu kuwa za mu ce shiyya. Akwatin ƙararrawa ba shi da ido, bai san ƙofa ba, bai san taga ba. Abin da ya sani shi ne waya biyu da suka fita daga bakinsa, suka zaga wani sashe na gida, suka komo. Yakan tura 'yar ƙaramar wuta ta ɗaya, ya jira ta dawo ta ɗayar. Wannan zagaye shi ne shiyya. Ƙofar gaba tana iya zama shiyya ta 1, tagogin falo gaba ɗaya ta 2, ƙofar sito ta 3, haka dai har takwas ko fiye. A jikin kowace ƙofa akwai abu biyu ƙanana: maganaɗisu a kan ƙyauren, da makunni a kan dogaran ƙofa. A cikin makunnin akwai 'yan siraran ƙarafa biyu a rufe cikin ɗan bututun gilashi. Muddin maganaɗisu yana kusa, ƙarafan suna manne da juna, wuta tana wucewa. Da an buɗe ƙofa sai su rabu, wuta ta yanke, akwati ya ce an shigo.

Dabarar ta daɗe. Wani mutumin Amurka mai suna Augustus Pope shi ya yi rajistar ƙararrawar ɓarayi mai lantarki a 1853, Edwin Holmes kuma ya sayi ikon yin ta a 1857 ya mai da ita kasuwanci. Makunnin gilashin nan kuwa daga ɗakin binciken kamfanin Bell ya fito a 1936. Abin lura a nan, an tsara shiyya ne yadda yankewar wuta ita ce alamar haɗari, domin ko ɓarawo ya datse waya jiniya ta tashi. Hikima ce, amma tana da nata nauyi. A wurin akwati, ɓarawon da ya buɗe ƙofa da ɓeran da ya ci waya a silin duk abu ɗaya ne.

Saura abu guda wanda in ba a fahimce shi ba sauran bayanin ba zai zauna ba. A ƙarshen zagayen, wato can wajen makunni na ƙarshe, ana sa wani ɗan abu mai kamar ƙwayar shinkafa da zane-zanen launi a jikinsa, ana ce da shi rezista. Aikinta ta rage ƙarfin wutar da ke komowa zuwa wani ma'auni da akwati ya sani. Ana auna wannan da ohm. Kowane kamfani da nasa: akwatunan DSC na PowerSeries 5,600 suke so, mai zanen kore da shuɗi da ja, na Vista, waɗanda aka sani da sunan Honeywell ko Ademco, 2,000 ne, mai zanen ja da baƙi da ja, na Paradox kuma 1,000. Da wannan 'yar aba akwati yake bambanta hali uku. In ya ga ma'aunin daidai, lafiya. In bai ga kome ba, an buɗe ko an yanke. In kuwa wuta ta komo da cikakken ƙarfinta, to wayoyin biyu sun haɗe a hanya tun ba su kai ƙofa ba.

A nan ne wasu masu haɗawa suke yin ha'inci, ko mu ce lalaci. Maimakon su kai rezista can ƙarshen waya, sai su ɗaura ta a cikin akwati inda ya fi sauƙi. Na'urar za ta yi aiki, ba wanda zai lura. Amma ranar da ƙusa ta huda waya ta haɗe su biyun a tsakiyar hanya, akwati zai ci gaba da ganin lafiya ko da an cire ƙyauren ƙofar ɗungum. In kuka buɗe akwatinku kuka ga rezistoci a jere a bakin kowace shiyya, ku sani akwai magana tsakaninku da wanda ya yi aikin.

A fara daga abin da ido ke gani

Kafin a taɓa sukurudireba, a tsaya a karanta abin da allon lambobi yake faɗa. Shiyya a buɗe daban, damuwar na'urar gaba ɗaya daban. A allon DSC, in fitila mai ruwan ɗorawa ta kama, a danna tauraro sa'an nan 2, zai nuna irin damuwar. Tauraro da 3 kuma yana nuna shiyyar da ta ta da jiniya a kunnawar da ta wuce. A na Vista danna tauraro kaɗai yakan fito da shiyyoyin da suke buɗe. Sai a nemi takardar da ta nuna wace lamba ce take kan wace ƙofa, yawanci a manne take a bayan murfin akwati ko na allon. Gidaje da yawa ba su da ita sam. In haka ne, mutum ɗaya ya tsaya a gaban allo, wani ya bi ƙofofi da tagogi yana buɗewa yana rufewa ɗaya bayan ɗaya, ana rubutawa. Lambar da ta rage ba ta motsa ba, ita ce mai ciwon, abin da bai ta da wata lamba ba kuwa a kanta yake.

Da an san ƙofar, sai a je a dube ta da kyau, a kuma tuna wane lokaci ne na shekara. Ƙyauren katako yakan kumbura da damina, ya bushe ya kankance da hunturu, har ya ɗan karkace. Ƙofar ƙarfe mai nauyi takan sauka a hankali in hinjinta ya ci. Tazarar da ƙaramin makunni yake jurewa ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, ƙarfe kuma yana shanye ƙarfin maganaɗisu, ya rage tazarar ƙwarai. Shi ya sa makunnin da aka yi domin ƙofar katako in aka manna shi a ƙofar ƙarfe, irin wadda ta cika gidajenmu, yakan yi aiki yau gobe ya ƙi. Akwai manya da aka yi musamman domin ƙarfe, su ya kamata a nema. A duba kuma ko maganaɗisun yana nan ma. Wanda aka manna da gam kaɗai, zafin bazara yakan narkar da gam ɗin ya faɗi, mai shara ya kwashe shi da safe bai san ko mene ne ba. Masu fenti su ma sukan cire su mayar a juye.

Gwajin nan ba ya cin ko kwabo. A sami wani maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, a buɗe ƙofar a ɗora shi a jikin makunnin, wani yana kallon allo. In shiyya ta kwanta, makunni da waya duk lafiyarsu ƙalau, gyaran zaman ƙofa ne ko matso da maganaɗisu. In ba ta kwanta ba, a kwance murfin makunnin a haɗa bakin wayoyinsa biyu da ɗan guntun waya. Ta kwanta? Makunni ya mutu, a sayo wani. Ba ta kwanta ba? Cutar tana gaba.

Shiyyar da ke ɗauke da tagogi biyar ko shida a jere ita ta fi ba da wahala, gama kowace ɗaya a cikinsu tana iya hana dukansu. Hanyar dai ita ce ta guntun wayan nan, taga bayan taga, har a kai ga wadda da an haɗe bakinta sai allo ya yi kore. Amma muna roƙonku da babbar murya, ku ƙirga guntayen da kuka sa, ku ƙirga waɗanda kuka cire. Guntu ɗaya da aka manta a jikin makunni ya mai da wannan taga kurma har abada, allo kuwa ba zai taɓa gaya muku ba.

Cikin akwati

In bakin ƙofa bai nuna kome ba, sai a koma wajen akwati. Tun kafin a buɗe shi a sanar da maƙwabta da maigadi da 'yan banga na unguwa, da kamfanin da ke sa ido in akwai, domin akwatuna da yawa suna da makunnin da ke ta da jiniya in an ɗaga murfi, wasu jiniyoyin waje kuma suna da batirin kansu. A zamanin da muke ciki, jiniya daga harabar majami'a ba tare da sanarwa ba tana iya sa unguwa duka ta firgita, mutane su yi ta gudu ba dalili. A yi aikin da rana. Wayoyin shiyya ba sa ɗauke da wutar da za ta ji wa mutum ciwo, amma inda wutar gida mai bolt 230 ta shiga taransifoma, nan ba wurin wasa ba ne. A kashe ta daga soket, wanda kuma bai saba da lantarki ba kada ya kai hannu wajen. A ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu, a manna wa kowace ɗan tef mai lamba kafin a kwance ta.

Tambaya ɗaya ake so a amsa a nan: laifin akwati ne, ko na abin da ke waje? A kwance wayoyin shiyya ta 3, a ɗaura sabuwar rezista mai ma'aunin da akwatin yake so kai tsaye a bakin, a mayar da wuta. In lamba 3 ta kwanta, akwati ya kuɓuta. Wanda ba shi da rezista a hannu sai ya yi musaya: wayoyin shiyya ta 3 su koma bakin ta 4, na ta 4 su dawo bakin ta 3, muddin dukansu shiyyoyin ƙofa ne ko taga, ba ta gobara ba. In ciwon ya bi waya ya koma lamba 4, a waje yake. In ya tsaya a kan 3 ko da an ba ta lafiyayyar waya, bakin nan na akwati ya ƙone, ko kuwa an taɓa tsarin na'urar. Ko a nan ma ba lalle sai an sayi sabon akwati ba. In akwai bakin da ba a yi amfani da shi ba, mai gyara yana iya mai da shiyyar can ya sake tsara ta. Kada kuma a raina sukurun da ke riƙe da waya. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, ya saki ne kawai, ko kuwa an ɗaure shi a kan robar waya maimakon ƙarfenta.

Wanda yake da mita irin ta masu gyaran rediyo, aikinsa ya yi sauƙi. Kusan kowace ikkilisiya tana da saurayi ɗaya a ƙungiyar matasa mai irin wannan mita, a neme shi. A juya ta wajen awon ohm, a cire wayoyin shiyyar duka biyu daga akwati tukuna, gama ba a auna ohm a kan waya mai wuta. A rufe ƙofofin shiyyar duka, a ɗora bakin mita a kan wayoyin. In ta nuna kusa da ma'aunin rezista, da ɗan ƙari kaɗan saboda tsawon waya, zagayen lafiyayye ne. In ta nuna OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, akwai inda ya yanke. In ta nuna kusa da sifiri alhali rezista tana can ƙarshe, wayoyin sun haɗe. In kuwa lambar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, ko ta haura ma'aunin da ɗaruruwa, to akwai mahaɗar da ta yi tsatsa.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yawa a gidajen da suka kwana biyu. Mai haɗawa ya murɗa waya biyu da yatsa, ya naɗe da baƙin tef, ya jefa cikin silin. Kwano ya yi yoyo da damina, danshi ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore. Da rana zafi ya sa ƙarfe ya miƙe, da asuba sanyi ya sa ya tsuke, sai mahaɗar ta saki na ɗan lokaci, jiniya ta tashi da ƙarfe huɗu na dare, gari ya waye kome ya koma daidai. Maganinta a yanke wurin da ya yi kore, a fere sabon baki, a haɗa da dalma ko da abin ɗaurewa mai sukuru, a sa cikin ɗan akwati. Ɓera da gara su ma suna da nasu rabo, haka kafintan da ya zo gyaran silin da ƙusarsa. Akwai kuma wata waya mai araha a kasuwa wadda alminiyam ce aka lulluɓe da jan ƙarfe sama-sama. Tana saurin karyewa, tana saurin ruɓewa a mahaɗa. In an kankare bakinta da wuƙa aka ga fari a ciki, ita ce. Araha ba ta ado.

Ciwon da ke zuwa yana tafiya ba a kama shi da gaggawa. A ajiye ɗan littafi kusa da allo, duk ranar da abin ya faru a rubuta lambar shiyya da lokaci, da abin da ake ciki: an yi ruwa ne, ana iska ne, an ɗauke wuta ne, ko an ta da janareta. Bayan mako biyu littafin da kansa zai nuna hanya. Ana kuma iya barin mita a ɗaure, wani ya bi waya yana girgiza ta a hankali, yana ƙwanƙwasa kowace taga da tafin hannu, har a ga inda lambar ta yi tsalle.

Ido mai ganin motsi, da batir

Shiyyar da ke kan idon nan da ake kafawa a kusurwar ɗaki tana da nata hali. Shi ba hoto yake ɗauka ba, canjin ɗumi yake ji sa'ad da jiki mai zafi ya gitta gabansa. Saboda haka hasken rana da ya faɗo ta taga, da labulen da iska ke kaɗawa, da tsakar da ta bi ta kan gilashinsa, da gizo-gizon da ya yi saƙa a gabansa, duk suna iya ruɗa shi. A majami'a a ƙara da jemagu, da balan-balan da kyallayen ado da ake ratayewa lokacin Kirsimeti ko bikin aure a bar su suna lilo har mako biyu. Domin a rarrabe, a rufe fuskarsa da kwali dare ɗaya ko biyu, a kuma san cewa ɗakin ba mai tsaronsa a waɗannan darare. In ƙarar banza ta daina, abin da yake gani ne, sai a share shi, a toshe ramin da waya ta shiga don ƙwari, ko a juya fuskarsa. In ba ta daina ba, shi kansa ne, ko wayarsa, ko wutar da yake ci. Da bazara kuma, sa'ad da zafin ɗaki ya kusa kai na jikin mutum, ganinsa yakan ragu, don haka a gwada shi a wannan lokaci.

Idon nan yana cin wuta mai bolt 12 daga akwati, in wutar ta yi ƙasa kuwa sai ya saki shiyyarsa kamar ya ga mutum. Wannan ya kawo mu ga batir. In kuka ga shiyyoyi biyu ko uku na ido sun tashi tare, musamman daidai lokacin da aka ɗauke wutar da har yanzu muke ce wa NEPA ko da yake an sauya sunan tun 2005, kada ku wahalar da kanku da hawa silin. A cikin akwati akwai batir mai bolt 12, yawanci mai lamba 7Ah a jikinsa. Shekara uku zuwa biyar ake ba shi a wuri mai sanyi. Zafi yana cin ransa, ana lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, ga kuma yawan ɗaukewar wuta da ke sa shi aiki kullum. A ƙasarmu wanda ya kai shekara biyu sai a fara sa masa ido. Da wuta a jiki mita za ta nuna wajen 13.5 zuwa 13.8, amma wannan ƙarfin caja ne, ba shaidar lafiyar batir ba. A kashe wutar gida a ci gaba da kallo. In ya gangaro ƙasa da 12 cikin 'yan mintoci, ko an ga cikinsa ya kumbura, ya gama aiki. A rubuta ranar da aka sa sabon a jikinsa. Masu na'urar da ba ta da waya kuwa, kowane makunni da ɗan batirinsa a ciki, shi za a fara canzawa kafin a zargi wani abu.

Wadda ba ta kuka

Duk abin da muka faɗa a sama a kan shiyya mai ƙorafi ne. Akwai wadda ta fi ta haɗari, wato wadda ta mutu a rufe. Tsawa in ta faɗi kusa, wutar da ke bi ta dogayen wayoyi tana iya narkar da siraran ƙarafan cikin makunni su manne da juna. Daga ranar ko an buɗe ƙofa allo kore zai nuna. Dogon hasumiyar majami'a da wayar da aka ja ta sararin tsakar gida zuwa gidan fasto ko ɗakin janareta su suka fi shiga wannan hali. Ba abin da zai tona shi sai gwaji. Bayan kowane hadari mai tsawa, da kuma sau ɗaya a wata ko ba hadari, mutum biyu su zaga: ɗaya a gaban allo, ɗaya yana buɗe kowace ƙofa da taga, yana gittawa gaban kowane ido, a tabbata kowace lamba ta amsa. Minti goma sha biyar ya isa. Ran Asabar da ake sharar majami'a lokaci ne mai kyau.

Tsallake shiyya kuwa an yi shi ne domin dare ɗaya ko biyu kafin mai gyara ya iso. A DSC tauraro da 1 ne, a Vista lambar sirri sa'an nan 6 da lambar shiyyar. Masu ƙera na'urorin nan sun sa tsallakewar ta goge kanta duk lokacin da aka kashe ƙararrawa, domin kada a manta. Wanda ya ga yatsansa ya haddace tsallakewa ba ya ko duban allo, ya san ya daɗe a kan kuskure. Shiyyar gobara kam yawancin akwatuna ba sa yarda a tsallake ta, kada kuma a nemi dabarar yin haka. A daren da tilas ta sa aka tsallake wata ƙofa, a ƙara mata kwaɗo ko sakata, a kwashe kaya masu daraja daga ɗakin, a gaya wa maigadi, amma kada maganar ta zaga gari. Ƙarar banza ita ma ba abin da za a zauna da shi ba ne. Maƙwabcin da jiniyarku ta tashe shi sau biyar a banza, ran na shida juyawa zai yi ya ja bargo.

Ga dattawa da kwamitin kuɗi muna da 'yar shawara. Sa'ad da ake tsara kasafin shekara, a ware wani abu domin batir da gyaran ƙararrawa kamar yadda ake ware na man janareta, domin kada ma'aji ya ce sai an jira taron wata mai zuwa kafin a sayi makunni ɗaya. In an kira mai gyara, a ba shi littafin nan da abin da aka riga aka gwada, wani kuma ya tsaya tare da shi. A ce ya nuna abin da ya cire, ya kai kowace rezista ƙarshen wayarta, ya rubuta sunan kowace shiyya a bayan murfi, ya bar rezista biyu ko uku da makunni ɗaya na ajiya a cikin akwati. Kafin a biya shi a zaga tare da shi a gwada shiyyoyin duka, har da waɗanda bai taɓa ba. Bayan ya tafi a canza lambar sirrin da aka ba shi.